A sheƙe labarin lafiya kamar yadda ake sheƙe hatsi

Ƴan uwa manoma da makiyaya, yau salula ta shiga ƙauyukanmu. Idan yaro ya kwana da masassara, da yawa daga cikinmu ba su fara zuwa gidan likita ba. Sai su ɗauki salula su tambayi intanet. Tambaya ba laifi ba ce, domin matambayi ba ya ɓata. Amma wa yake ba mu amsa?

Injin bincike, irin su Google, ba likita ba ne. Aikinsa shi ne ya tattaro abin da mutane suka rubuta, ya jera shi. Yana duba kalmomin da muka tambaya da kuma shaharar shafi. A YouTube da Facebook kuwa, abin da jama'a suka fi kallo shi ya fi yawo. To, ƙarya ta fi gaskiya daɗin saurare. Mai cewa yana da gari guda da ke warkar da ciwon suga da hawan jini da basir ya fi jan jama'a bisa ga likitan da ke cewa a zo a yi awo.

Mun san ɓarnar jita-jita. A shekarar 2003 aka baza cewa maganin rigakafin shan inna yana hana haihuwa. Jihar Kano ta dakatar da rigakafi har zuwa 2004. Cutar ta sake bazuwa, ta kai Sudan da Yaman da Indonesiya, yara suka shanye. Sai a 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar. Wancan lokaci jita-jita da baki take tafiya. Yau a cikin aljihu take.

Gyara mai yiwuwa ne, domin an taɓa yin sa. A 2020, lokacin korona, Google ya riƙa ɗora bayanin Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, a saman amsoshi. WhatsApp ya taƙaita tura saƙon da ya yi yawo da yawa. A 2021 YouTube ya hana bidiyoyin ƙarya a kan allurar rigakafi. Wannan ya nuna inji yana iya sheƙa, ya raba tsaba da ƙaiƙayi.

Sai dai akwai gibi babba. Mai sheƙa ba ya samun tsaba idan babu ita cikin ƙwarya. Mafi yawan bayanin likitoci da Faransanci ko Ingilishi yake. Wanda ya tambaya da Hausa, sau da yawa ƴan tallar magani yake tararwa, domin su ne suka riga kowa yi masa magana da harshensa.

Don haka muna kira uku. Na ɗaya, ma'aikatar kiwon lafiya da likitocinmu su zuba bayani da Hausa, a rubuce da kuma da murya, a kan masassarar cizon sauro, zawo, ƙyanda, sanƙarau da tamowa. Na biyu, kamfanonin bincike su ɗauki masu jin Hausa aiki, su ɗora bayanin hukuma a sama, su sauke tallar maganin da ba a gwada ba. Na uku, gidajen rediyon karkara su riƙa warware jita-jita tun tana ɗanya.

Kafin a kai can, mu ma muna da namu aiki. Duk saƙon da ya zo, mu yi masa tambaya uku. Wa ya faɗa? Yaushe aka faɗa? Yana neman ya sayar mana da wani abu ne? Idan babu suna, babu kwanan wata, sai lambar tura kuɗi, kada mu tura wa kowa.

Kuma mu tuna: salula ba ta awon jini. Yaron da jikinsa ya yi zafi a kai shi gidan likita a ranar, domin masassarar cizon sauro tana iya kashe ƙaramin yaro cikin kwana ɗaya ko biyu. Mu da muka koyi karatu, mu ne idon ƙauye. Mu karanta da hankali, mu sheƙe kafin mu raba.

Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka.