Ina Lissafin Kuɗin Wasanninmu?

'Yan'uwa ɗalibai, kowace shekara idan mun je rajista akan karɓi kuɗin wasanni a hannunmu, namiji da mace, ba a rage wa kowa ko kwabo. To, wane ne a cikinmu ya taɓa ganin takardar da ta nuna inda kuɗin nan suka shiga? 'Yan wasa nawa gare mu? Masu horarwa nawa aka ɗauka, kuma nawa ake biyan su? Tambaya ce mai sauƙi, amma duk ofishin da muka shiga sai a ce mu dawo gobe.

Bari mu kawo misali daga nesa. A Amurka akwai wani wasa da ake kira lakros, wanda Turawa suka koya daga 'yan asalin ƙasar. Ana yin sa da sanda mai raga a kai da ƙaramar ƙwallon roba. A jami'o'insu maza goma ke shiga fili a kowane ɓangare, mata kuwa goma sha biyu, kuma an sa shi cikin wasannin Olamfik na 2028. Ba sha'awar sandarsu ta kawo mu ba, lissafinsu muke so a duba. Tun 1972 doka ta hana makarantar da ke cin kuɗin gwamnatin tarayya fifita maza a kan mata. A 1994 wata doka ta wajabta wa irin waɗannan jami'o'i su bayyana wa jama'a kowace shekara yawan 'yan wasansu, da albashin masu horarwa, da abin da ya shigo, da abin da aka kashe, na maza daban, na mata daban.

Mu fa? An fara gasar jami'o'in Nijeriya, watau NUGA, a Ibadan tun 1966. Ba jiya muka san wasa ba. Amma har yau sai gasa ta ƙarato ake tattara samari a guje, a raba musu riguna, a cusa su a mota. Ai ba a fafe gora ranar tafiya. Mu da muke zuwa daga Hotoro mun san yaran da ke buga ƙwallo a kangon fili, ba takalmi, ba mai koya musu. Da yawansu suna shigowa jami'a da gwanintarsu, sai ta mutu a nan don rashin mai kula.

Abin ya fi muni a wajen 'yan'uwanmu mata. Sun biya daidai da maza, alhali ba su da fili killatacce, ba su da mace mai horar da su. Sai a fake da cewa al'ada ce ta hana. Wannan hujja ba ta karɓuwa. In kunya ake tsoro, katanga da mai horarwa mace sun wadatar. In kuwa ba za a yi musu komai ba, da wane dalili ake karɓar kuɗinsu?

Za a ce ba kuɗi. Mun ji. Amma mai kukan talauci shi ya kamata ya fara buɗe littafinsa. Kuma in ɓera da sata, daddawa ma da wari: shugabannin ƙungiyarmu da muka zaɓa sun fi kowa shiru a kan wannan magana.

Saboda haka muna neman abu uku. A manna lissafin kuɗin wasanni a allon sanarwa kowace shekara, na maza da na mata. A ɗauki masu horarwa na dindindin, har da mata. A ba langa da kokawa gurbi a kasafi, domin namu ne. In an ƙi, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukumar gwamnati kwana 7 ta amsa wa mai tambaya, kuma za mu rubuta.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Kuɗinmu ne, a nuna mana lissafi.