Takardar saki ba ta goge suna daga takardar gida

A Yamai, Maraɗi da Damagaram, ma'aurata sukan haɗa albashi da kuɗin adashi su sayi fili, a rubuta sunayensu su biyu. In aure ya mutu, sai mijin ya ɗauka gida ya zama nasa, tunda matar ta kwashe kayanta. Wannan kuskure ne babba.

Dokar tsara kotuna ta bar maganar saki a hannun al'ada, amma filin da aka yi wa rijista, rubutacciyar doka ce ke hukunta shi. Muddin sunan matar yana bisa takarda, ba a sayar da gidan, ba a jinginar da shi a banki, sai da sa hannunta. In ta rasu, magadanta suna da haƙƙi cikinsa, har da sabon mijinta.

Saboda haka, a ƙiyasta kuɗin gidan, wanda zai zauna ya biya ɗayan rabonsa gaban shaidu, a rubuta, kana a kai ofishin rijistar filaye a canza suna. In akwai bashin banki, a warware shi tukuna. Ma'aikata kuwa, kada su cire sunan mace bisa faɗar miji shi kaɗai.