Filin Mata: Gimbiyar Da Aka Ba Abokin Gaban Ubanta

Makon nan labarin wata 'yar sarki zan ba ku, sunanta Mari Luwis. An haife ta a Biyana, babban birnin ƙasar Ostiriya, cikin 1791. Ubanta shi ne Sarki Faransis. Tun tana ƙarama aka sa ta karatu. Ta iya Jamusanci da Faransanci da Italiyanci, ta kuma koyi zane da kiɗa.

A lokacin nan ba wanda gidansu ya ƙi jini kamar Nafoliyon, sarkin Faransa. Sau biyu yana cin birninsu da yaƙi, a 1805 da 1809, har suka gudu suka bar gida. Ga shi kuma a Faransar ne aka fille wa ƙanwar kakanta, Mari Antwanet, kai a 1793.

To, kun san me ya faru? Nafoliyon ya saki matarsa saboda ba ta haifa masa magaji ba, ya aiko neman Mari Luwis. Ubanta yana son ƙasarsa ta huta da yaƙi, sai ya ba shi. Aka ɗaura aure a 1810, tana da shekara 18, ango yana da 40. Ba ta taɓa ganinsa ba sai a kan hanyarta ta zuwa Faris. Ke da ke karanta wannan a aji, ki kwatanta kanki da ita.

Amma ya riƙe ta da mutunci, ita ma ta saki jiki. A 1811 ta haifi ɗa namiji. Da zai fita yaƙi a 1813, ita ya bar wa riƙon ƙasa.

Duniya rawar 'yan mata ce. A 1814 sarakunan Turai suka taru suka kayar da shi, har da surukin nasa a cikinsu, aka kai shi tsibirin Elba. Ita kuwa aka mai da ta Biyana da ɗanta. Ba ta sake ganin mijin ba har ya mutu a 1821.

Manyan Turai suka ba ta sarautar wata ƙaramar ƙasa cikin Italiya, wai ita Farma. Ta isa can a 1816, amma ba a bar ta ta tafi da yaron ba. A Biyana ya girma wajen kakansa, tarin fuka ya kashe shi a 1832, yana da shekara 21. Har yau wasu suna zarginta, wai ta juya wa miji baya da ya faɗi, kuma ba ta cika zuwa duba ɗanta ba. Ba zan wanke ta sarai ba. Amma ku tuna, tun daga aurenta har rabuwarta da ɗan, wasu ne ke yanke magana.

A Farma ne ta fara yin abu da ra'ayin kanta. Ta sa aka gina gada a kan kogin Taro. Ta kafa gidan haihuwa don mata marasa galihu. Ta gina babban gidan wasa, aka buɗe shi a 1829. Ta sake aure har sau biyu. Ta yi shekara 31 a ƙasar, ta rasu a 1847. Mutanen Farma har gobe "sarauniyar kirki" suke ce mata.

Kun gani, shekara huɗu kaɗai ta yi tana cin darajar miji, rana ɗaya ta gushe. Abin da ya rage mata shi ne abin da ta koya tun tana yarinya, da aikin da ta yi da shi. 'Yammata, ku riƙe karatunku. Iyaye mata, kafin a ba da yarinya, a ji ta bakinta, a kuma bar ta ta tafi da abin da ba mai iya ƙwace mata.

Sai mako mai zuwa.