Lanhon Amurka: Murnar Me Ake Yi?

Duk shekara, in Afrilu ya kusa, sai mu ji ƴan uwanmu mazauna Greensboro suna murna wai gwamnati ta maido musu da rarar lanho. Kuɗin guminsu ne fa aka riƙe wata da watanni, babu ko tamma ta riba. Wane ɗan kasuwa zai yarda da haka?

Tun 1943 dokar Amurka ta ɗora wa mai ba da aiki yanke lanho kafin albashi ya kai hannu. Amma ma'aikaci na da ta cewa. Takardar W-4 da yake cikewa ita ke ƙayyade rabon gwamnatin tarayya, kuma yana iya sabunta ta in ya yi aure, ko aka yi masa haihuwa. Jaha ma tana da tata, NC-4 a Karolina ta Arewa. Texas da Florida kuwa ba su karɓar lanhon albashi.

Gaskiya ne, in yankan ya yi kaɗan, sai an biya ciko ran 15 ga Afrilu, wani lokaci har da tara. To amma yawancinsu tsoro ne ya sa ba su taɓa takardar, alhali iyaye a Tasawa suna jiran kuɗin hatsi da damina.