Wasan Kwaikwayo na Kan Tebur da Lafiyar Zuciya: Rabon Masu Nazarin Harshe

A shekarar 1974 ne Gary Gygax da Dave Arneson suka fito da wasan Dungeons & Dragons a Amurka. Mutum huɗu ko biyar kan zagaye tebur, kowa ya ɗauki halin wani gwarzo na ƙage, jagoran wasa yana siffanta duniyar da suke ciki, ƙwayar lido mai fuska 20 kuma tana yanke wanda ya yi nasara da wanda ya faɗi. Babu dandamali, babu kayan ado, kusan komai da baki ake yin sa. Yau wasu masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa suna amfani da wannan wasa wajen taimakon masu fargabar shiga jama'a, kamar yadda ƙungiyar Game to Grow ta yi a birnin Siyatil. Tun da da magana ake wannan jinya, masu nazarin harshe suna da ta cewa a kanta.

Tunanin ya girmi wasan. Tun shekarun 1920 likita Jacob Moreno ya soma sa mutane su kwaikwayi damuwarsu a gaban jama'a a birnin Biyana. Abin da wasan tebur ya ƙara shi ne tazara tsakanin mutum da damuwarsa. Gary Alan Fine, a littafinsa Shared Fantasy na 1983, ya bi sawun Erving Goffman ya nuna cewa mai wasa yana magana a matakai uku: a matsayin kansa, a matsayin ɗan wasa mai bin ƙa'ida, da kuma a matsayin gwarzon labari. Idan saurayi mai nauyin baki ya ce «na tsaya gaban sarki na ce ban yarda ba», wakilin sunan «na» yana nuni ga gwarzon, amma murya da numfashi da zaɓin kalmomi nasa ne. Ya gwada ƙin amincewa, kuma in abin ya ɓaci, gwarzon ne zai ɗauki kunyar.

Bahaushe bai jahilci wannan ba. «Ga ta nan ga ta nanku» kan buɗe fagen da ƙarya ba laifi ba ce, «ƙurunƙus» ya rufe shi. Haka wasan barkwanci tsakanin ƙabilun Nijar, wanda UNESCO ta sa cikin gadon ɗan Adam a 2014, yake halatta maganar da a wani wuri za ta haifar da faɗa.

Masu shakka suna da hujja, kuma ya kamata a saurare su. Rahoton da Wayne Blackmon ya buga a 1994 kan amfani da wasan wajen jinya ya shafi majinyaci ɗaya ne tak, ba a kuwa gina hukunci a kan mutum ɗaya. Tazarar da ke kare mai wasa tana iya zama maɓoya, kuma jagoran da bai ƙware ba yana iya tono ciwon da ba zai iya rufewa ba. Saboda haka wasan bai isa ya maye gurbin likita ba, kayan aiki ne a hannun wanda ya koyi sana'ar.

A nan ne aikin ɗaliban harshe yake. Wane ne ke karɓar magana a teburin, tsawon wane lokaci, kuma a wace gaɓa yake sauka daga «shi» zuwa «ni»? Nazarin hira yana da dabarun auna waɗannan abubuwa. Hausa ma tana da fifiko a nan: «tu» na Faransanci da «you» na Ingilishi ba su bambanta jinsi, amma jagora mai Hausa dole ya zaɓi «ka» ko «ki». Idan ɗaliba ta ɗauki halin jarumi namiji, kowace jimla za ta bayyana da wa ake magana, ita ko gwarzonta. Abin da Fine ya gano ta hanyar lura, nahawun Hausa yana fito da shi fili, kuma ya cancanci kundin digiri a Maraɗi ko Damagaram.