Kafin a ɗaure kaya, a zauna kan maganar gona

Tafiya ba baƙuwa ba ce a ƙasar Kazaure. Da an ɗaure dammunan gero, samari daga 'Yankwashi da Roni da Gwiwa kan nufi Kano ko Legas cirani, su dawo da faɗuwar ruwan fari. Amma magidancin da zai kwashe mata da 'ya'ya ya koma wata ƙasa, Saudiyya ce ko Nijar ko Libiya, al'amarinsa daban ne, domin bai san ranar dawowa ba. Abin da ke damuna shi ne yadda mutanenmu ke fara shirin irin wannan ƙaura da sayar da gona.

Na san dalilin. Kuɗin fasfo da biza da jirgi na mutum biyar ko shida ba wasa ba ne, ga ɗan kamashon da ya yi alkawarin gama komai yana ta kiran waya. Gona ce kaɗai abin da za a ɗaga yau a samu mai saye gobe. Sai dai wanda ya sayar da ita ya yanke hanyar komawarsa da hannunsa, alhali zama a ƙasar wani ba ya da tabbas. A 2013 hukumomin Saudiyya sun yi gagarumin kamen baƙin da ba su da takardun zama, kuma har yau jirage na sauke 'yan takari a Kano, wasu da kayan jikinsu kawai. Nijar ma da muke ɗauka gida, tunda daga Ɓaɓura ɗan taki ne, an rufe iyakarta a Agustan 2023 bayan juyin mulki, Najeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Maris na 2024, sannan a Janairun 2025 Nijar ɗin ta fice daga ECOWAS. Wanda aka koro ya tarar da gonarsa, damina ɗaya ta ishe shi ya miƙe. Wanda ya sayar kuwa, ƙwadago zai koma yi a gonar da ubansa ya share.

Iyayenmu sun bar mana hanyoyi: akwai aro, akwai haya, akwai jingina. Kowacce aka zaɓa, a rubuta. Nan ne muke da rauni. "Ai ƙanena ne, wace takarda kuma?" Ƙanen nan zai iya rasuwa, 'ya'yansa su tashi suna ganin tun suna goye ubansu ke noma wurin, kuma ba ƙarya suka yi ba. A je zauren dagaci da mai unguwa da shaidu biyu, a taka gonar da ƙafa, a faɗi iyaka: daga kukar nan zuwa layin gamba, daga gamba zuwa burtali. A faɗi wanda zai riƙa kaɗe ɗorawar da ke tsakiya, da dami nawa za a kai wa tsohuwar da aka bari a gida. A yi takarda biyu, mai tafiya ya ɗauki hoton tasa a waya. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, don haka babu wanda zai ce neman takarda rashin yarda da ɗan'uwa ne.

Sai dukiyar uwargida. Awakin da ke turke da gadon da kwanukan jere nata ne, iyayenta suka yi mata ko da kuɗin adashinta ta saya. Sau da yawa su ake fara kaiwa kasuwa, ita kuwa sai ana saura mako guda take jin cikakken labari. Wannan zalunci ne. A tambaye ta, kuma in ta ce ba za ta bi ta hamada da yara ba, a saurare ta. A Oktoban 2013 an tsinci gawarwaki 92 a arewacin Arlit kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da ƙananan yara, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Akasarinsu daga yankin Kance suka fito, can bayan Daura, maƙwabtanmu ne da muke cin kasuwa ɗaya.

Takardun yara kuma a nema tun da sauran lokaci: shaidar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya, lambar NIN, katin allurar shawara, da takardar barin makaranta daga hannun hedimasta. Yaron da ya girma a Jidda ba shi da takardar can ba shi da ta nan, in aka maido shi yana shekara goma sha biyar, ba ya da ajin da zai shiga a garinsu, ga Hausar ma da ƙyar take fita.