Martani: Injin Gudu Bai Isa Ya Horar Da Kare Ba

Wani marubuci ya ce injin gudu, wanda bel ke juyawa a ƙarƙashin ƙafa, ya wadatar wajen ƙarfafa kare, tunda mai horarwa ne ke ƙayyade sauri da lokaci, kuma ruwa ko rana ba sa hana aiki. Gaskiya ne injin yana ƙara wa zuciya da huhu juriya. To amma da su kaɗai kare ke gudu?

A kan bel gudu a miƙe yake, taki iri ɗaya. Ina shan kwana, ina cin birki, ina tsallaken rami? Waɗannan ne ke gina ƙananan tsokokin da ke riƙe gwiwa da kafaɗa, tsokokin nan ne kuma ke ɗaukar nauyin jiki ranar da kare ya murɗa da ƙarfi yana bin zomo. Tafin ƙafarsa ma tsakuwa da yashi ke ƙara masa kauri, roba ba ta yin haka. Ga kuma tsawon bel: injin da aka ƙera don mutum ya yi wa babban kare gajarta, dole ya tsuke taki har ya saba da hakan. Ko masu tseren karnuka na Iditarod a Alaska, mai kusan mil 1,000, kafin dusar ƙanƙara ta sauka sukan ɗaura karnukansu su ja babur mai ƙafa huɗu a hanyar turɓaya.

Hujjarsa ta zafin rana ma ba ta tsaya ba. Da haki kare ke huce jiki, a ɗaki kuwa babu iskar da ke bugunsa sai an kunna fanka. Gudun asuba a fili ya fi masa sauƙi. Injin gudu na cikin ruwa yana da amfani ga karen da aka yi wa tiyata, amma wannan jinya ce, marubucin kuwa horon lafiyayyen kare yake magana a kai.